Kaskon da Na Hau Dutse da Shi

Kun sha tambayata abin da ya shiga tsakanina da kawunku Alhaji Manu, har ya koma ga Allah ba mu sake zama a tabarma ɗaya ba. Kullum sai in ce muku maganar manya ce. To yanzu ku ma kun zama manyan, wasunku har da furfura, kuma na san an riga an ba ku labarin ta wani bakin, don ina lura da yadda kuke satar kallona in an ambaci Dutsen Gaude. Ni kuwa ban taɓa yarda da labarin da ya biyo ta bakin dangi ba, ko da yabona aka yi a ciki. Gara ku ji daga gare ni, in ya so ku auna da kanku.

Wanda ya taɓa ganin manyan duwatsu dariya zai yi in ya ji muna kiran namu dutse. Tudu ne na jan marmara, shimfiɗaɗɗe a sama, yana kallon fadamar gulbi tsakanin Argungu da Birnin Kebbi. Amma wanda ya hau kansa yana hango mai tahowa tun daga nesa, kuma a zamanin da aka kafa garin wannan ya fi gona daraja. Abin da aka koya mana tun muna yara shi ne, kakanmu Magaji ya taso da jama'arsa daga bakin gulbi a zamanin yaƙe-yaƙe, lokacin da mutum ba ya duƙawa noma sai da mai yi masa gadi. Ya hau dutsen, ya sare gauden da ya rufe shi, ya hura wuta ta farko. Daga nan aka sami al'adar da ba a yi a ƙauyukan da ke kewaye da mu. Duk wanda ya gina sabon gida, ba za a ɗora tukunya ba sai mace ta ɗauki kasko ta je ta ɗauko garwashi a gidan Magaji, wato gidanmu. Ba mu da littafin tarihi, ba ma bukata. Kowa ya san mutum yana ɗaukar wuta ne a gidan wanda ya riga shi zama.

Da duniya ta kwanta, mutane suka gaji da hawa da sauka, suka gangaro gindin dutsen kusa da ruwa da gonakin shinkafa, har da gidanmu. Gida ɗaya ne bai sauko ba, Gidan Baka, zuriyar wani maharbi. Ce mana aka yi barorin Magaji ne da ya bari su yi gadin kaburbura. Talakawa ne, 'yan awaki da amyar zuma kaɗai suke da su, sai tsamiya a ƙofar gida da rijiya a gindinta, wadda ita ce kaɗai rijiyar da ke kan dutsen. A lokacin da nake ba ku labari babbar gidan wata tsohuwa ce, Tumba, gajera mai ƙaramin ido, wadda in ka gaishe ta sai ta duba hannunka kafin ta duba fuskarka.

Akwai wani abu da na daɗe ina riƙe da shi a kan mahaifiyata, Allah ya jiƙanta. Ina budurwa damina ta rushe mana madafa, aka sake gina ta. Ranar Juma'a, maza suna fita masallaci, sai na ga Inna ta saka wani abu a cikin ƙwarya ta rufe da faifai, ta bi bayan gida ta hau dutse. Ta dawo tana waige-waige, da na tambaye ta sai ta ce in kama bakina. Mace ta tafi gidan maharba a ɓoye, a sa'ar da babu namiji a gari, me za ka ce? Na yanke wa kaina cewa asiri ta karɓo. Har ta rasu ban faɗa wa kowa ba, kuma har ta rasu ban daina duba tuwon Baba ba in ta ajiye masa.

Sai shekarar babban ruwa. Ina nan Gwadangaji a lokacin, ina sana'ar turara shinkafa, mahaifinku yana fataucin albasa. Gulbi ya cika ya tumbatsa, ya shiga garin ƙasa ya kwantar da gidaje, namu ma bai bari ba. Na hau babur har inda hanya ta ƙare, daga nan sai kwalekwale. Na tarar da mutanenmu a kan dutse cikin rumfunan zana da leda, a wurin da kakanninsu suka bari, suna layi a rijiyar Tumba. Da ruwa ya janye, aka aiko mutane daga birni suka ce ba za a koma ƙasa ba, za a yanka wa kowa fili a sama, amma sai an san mai dutsen, don da shi za a yi rabon.

A nan ne na fara shan jinin jikina game da Manu. Ƙanena ne, shi ne mai gari tun rasuwar Baba. Yaron da ba ya iya zama a gaban kaka ta kai ƙarshen tatsuniya, sai ga shi ya zama malamin tarihi. Ya zaunar da baƙin a kan darduma yana jero musu kakanni, har da wasu da ban taɓa jin sunansu ba, har launin rigar da Magaji ya hau dutse da ita ya sani. Na ce a raina, wannan ƙaunar kakanni da ta sauko masa rana tsaka akwai abin da ke ƙarƙashinta. Ban sha wahalar nema ba. Na zaga sai na ga fegi masu jan fenti an kafa sun kewaye tsamiya da rijiya da Gidan Baka gaba ɗaya, sun haɗe su da filin da Manu ya fara gini. Su Tumba kuwa an nuna musu bayan dutse, inda ko akuya sai ta yi tunani kafin ta taka. Na same shi na tambaye shi. Bai musa ba, ya ce gadi aka ba su, gadi kuma ya ƙare tun da masu wuri sun dawo. Ya ce ya sa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, baƙi za su zo, kowane gida zai aiko mace ta ɗauki wuta a sabon gidansa a gaban idonsu, har da matar jikan Tumba. In an yi haka magana ta ƙare. Ni ce babbar 'yar gida, don haka ni zan hura wutar farko a murhunsa.

Na ce masa, "To wutar gidanmu ruwa ya kashe ta. Ina za ni samo wadda za ni hurawa?"

Ya yi dariya ya ce, "Yaya Kulu, ashana ta ƙare ga duniya? Ki shiga ɗaki ki ƙyasta, ki hito da kasko. Wa za ya sani?"

Yadda ya yi saurin ba ni amsa bai yi mini ba. Mutum ba ya samun amsa da wuri haka sai in ya daɗe da tambayar a ransa.

Da yamma Gwaggo Ige ta aiko a kira ni. Ƙanwar Baba ce, ita kaɗai ta rage a tsararsu, tana kwance a rumfa ƙafa ta hana ta tafiya. Ta kori jikokinta, ta ce in matso. Ta ce ta ji zancen ashana, kuma in na yi haka ba za ta ci abincin gidan ba har ta mutu. Sai ta ba ni labarin da matan gidanmu ke miƙa wa juna, maza ba sa ji. Ta ce Magaji bai tarar da dutsen babu kowa ba. Cikin damina suka gudo, ruwa ya yi musu dukan kawo wuƙa, wutar da suka ɗauko ta mutu a hanya, yara suna kakkarwa. Suna cikin fadama suka hango hayaƙi a sama, suka bi shi, suka tarar da bukkar maharbi da matarsa. Matar ce ta ba su wuta, mijin ya nuna musu inda ruwa yake. Daga baya jama'ar Magaji suka yi yawa, sarauta ta zauna a hannunsa, labarin ya juya. Matar maharbi ta yi alkawari ba za ta tona ba, matar Magaji kuma ta yi alkawari duk ranar da wutar gidanta ta mutu gaba ɗaya, a gidan maharbi za a ɗauko. Ta koya mini abin da ake faɗa a ƙofa da amsar da ake bayarwa.

Ta ce, "Ki tahi sa'ad da maza sunka shiga masallaci, awa yadda uwakki tay yi. Ki ruhe kasko da hwaihwai. Kowa ya riƙe mutuncinai."

Na ji kunyar Inna ta rufe ni a wannan rumfa, na tuna shekarun da na yi ina zarginta a kan garwashi. Amma ku kun san halina. Kafin in kai inda nake kwana na fara cewa, ita Gwaggo fa tun da Manu ya sayar da wata gonar gado ba ta ƙaunar ganinsa, wa ya san ko so take ta rama da hannuna? Tsohuwa mai jin haushi tana iya ƙera kakanni kamar yadda shi ma yake ƙerawa. Don haka na shiga bincike ba tare da na nuna bincike nake ba. Ina taya mata surfe, ina taya su tsintar shinkafa, ina jefa tambaya ɗaya kamar da wasa: da ɗan Tumba ya yi ɗaki, wa ta sauko ɗaukar wuta? Da jikanta ya yi aure fa? Kowace sai ta duba sama, ta ce ita dai ba ta tuna ba. Matan da ke iya gaya maka wadda ta ɗauki wutar kowane gida a garin, har da zanen da ta ɗaura ranar, babu wadda ta taɓa ganin macen Gidan Baka a ƙofarmu da kasko. Kuma babu wadda ta taɓa tambayar dalili.

Na tafi wurin Tumba da kaina, da ɗan goro. Ta duba goron, ta duba ni, ba ta ce in zauna ba. Na zagaya na zagayo, na kawo zancen Inna da ranar Juma'a. Ta ce ita ba ta san wannan ba, mahaifiyata zuma take zuwa saye. Na ce to fegin nan fa, haka za ta zuba ido a tashe su?

Ta ce, "Ɗiyar Magaji, ƙanenki ya aiko ki ki ji mi za ni cewa? Ki ce mai Tumba ba ta ce komi ba."

Na fito raina a ɓace, amma ban ga laifinta ba, ni ma da haka zan yi. Sai dai ta bar ni a tsakiya. In Gwaggo gaskiya ta faɗa, kuma na bi shawararta na je a ɓoye, na cika alkawarin matattu, rayayyu kuma a kore su bayan dutse da wutar da suka ba ni. In na je a fili, na tsaya a ƙofar na faɗi kalmomin, Tumba ta dube ni ta ce ba ta san zancen ba, to na zubar da mutuncin gidanmu da nawa a banza, a ce Kulu ta haukace. Babu wanda zan yi shawara da shi. Mahaifinku da na taɓa masa zancen cewa ya yi rigimar gidanmu ce, kada in sa shi.

Ranar Juma'a ta zo. Aka yi kiran salla, maza suka wuce, Gwaggo ta aiko yarinya ta ce lokaci ya yi. Na ce a gaya mata na ji. Na zauna da kasko a gabana har aka sallame. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar sabon gidan Manu, baƙi suka zauna a kujeru, liman da dattawa a gefe, mata sun yi layi kowace da kaskonta. Na hango matar jikan Tumba a can ƙarshe, kanta a ƙasa. An ɗauko Gwaggo an jingina ta da bango. Manu ya yi jawabinsa, rigar Magaji ma ta sake fitowa, sannan ya juyo ya ce Yaya Kulu ta shiga ta fito da wutar gida. Matarsa Rabi ta matso ta saƙa mini ashana a hannu ta ƙarƙashin mayafi.

Na mayar mata da ita. Na ɗaga kaskon yadda kowa zai ga babu komai a ciki, na ratsa ta tsakiyar tabarmi, na bi ta gefen fegin nan masu jan fenti. Tsakanin gidan Manu da tsamiya ba nisa. Na ji Manu yana kiran sunana, da farko a hankali, daga baya ba a hankali ba. Tumba tana zaune a ƙofar gidanta, ba ta zo taron ba. Na durƙusa a gabanta, ni 'yar Magaji, na ɗaga murya yadda na baya za su ji.

Na ce, "Salamu alaikum masu gida. Baƙi na, ruwa ya buge mu."

Ta ɗago kai. Ta duba kaskon, ta duba bayana inda gari duka ya miƙe tsaye, ta dawo ta kafa mini ƙananan idanun nan tana neman inda tarkon yake. Na ce a raina shi ke nan, Gwaggo ta kashe ni. Sai na ga ta gyara zama.

Ta ce, "Ku shigo. Wuta na nan."

Kalmomin da Gwaggo ta koya mini ne, ko ɗaya ba ta canja ba. Ta tashi da ƙyar ta shiga, ta ɗebo garwashi da hannunta a marfin tukunya ta zuba mini. Na dawo da shi ba faifai a kai, na shiga madafar Manu na zuba a murhu, na sa kara na hura har ta kama.

Da na fito babban baƙon yana tambayar liman ma'anar abin da ya gani. Liman ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce shi dai abin da ya sani, a garin nan mutum yana ɗaukar wuta ne a gidan wanda ya riga shi zama. Manu ya ce ciwon kai ke damuna tun ina yarinya. Baƙon ya juya wurin Gwaggo, da yake ita ce mafi tsufa, ya tambaye ta ko an taɓa yin haka. Ta harare ni harara wadda har yau ina jin ta, ta ce ita ma ta hau, uwar mai gari ma ta hau, kakarsa ma ta hau. Ba a ɗauki wuta a gidan Manu ran nan ba, mata suka watse da kaskonsu. Da aka zo rabo aka bar Gidan Baka inda yake da tsamiyarsa, rijiya ta zama ta gari, aka cire fegin.

Kada ku ɗauka an yi mini guɗa. Manu bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya aiko Rabi ta ce in tattara kayana kafin la'asar, kuma daga ranar in na gaishe shi sai ya amsa wa wanda ke kusa da ni. Ya aurar da 'ya'yansa ba a kawo mini goro ba, shi ya sa kuka tashi ba ku san 'yan'uwanku ba, wannan kuwa yana ci mini rai fiye da yadda nake nuna muku. Gwaggo ta ce na tsiraita matan gidanmu a gaban maza, abin da aka rufe tun kaka da kakanni na buɗe shi a rana ɗaya, ta rasu ba ta huce ba. Tumba ma ba ta taɓa ce mini na gode ba. Na sake zuwa sau ɗaya, ta duba hannuna kamar kullum, ina jin har ta mutu tana jiran ranar da zan zo karɓar ladana. Sarauta tana nan a gidanmu, babu wanda ya taɓa ta, sabon gida kuma har yau a gidanmu yake ɗaukar wuta. Abin da ya canja kawai, yaran garin yanzu sun san akwai hayaƙi a kan dutsen kafin Magaji ya hau.

Abin da ban sani ba, kuma na so in sani, shi ne ko Manu ya san labarin tun farko. Ina zargin ya sani. Ina zargin Baba ma ya sani, da liman, da duk mazan da ke daɗewa a masallaci ranar da aka gyara madafa. Da ya rasu na je gaisuwa, na zauna a bakin ƙofa kamar baƙuwa. Da mutane suka ragu Rabi ta jawo ni cikin madafar nan, ta ce akwai abin da take so in ji. Ta ce ranar da abin ya faru, bayan kowa ya watse, ta ɗebo ruwa za ta kashe wutar da na hura, don tana tsoron fushinsa. Sai ya shigo ya riƙe mata hannu.

Ta ce, "Cewa yay yi, bar ta. Ɗora tuwo. Wagga ita ta wutar Inna."

Na dubi Rabi da kyau. Mace ce mai son a zauna lafiya, irin wadda za ta iya ƙirƙiro magana don ta sanyaya wa tsohuwa rai a gidan makoki, kuma babu mai shaida sai wanda aka binne. Na buɗe baki zan fara yi mata tambayoyin da na saba, wa ke wurin, da wane hannu ya riƙe ta, me ya sa ba ta faɗa ba sai yau. Sai na duba murhun, na rufe bakina. A duk rayuwata wannan ce magana ɗaya da aka gaya mini ban bincika ba, kuma ina roƙonku ku ma kada ku bincika mini ita.